Tiyon da Baba Ya Liƙe da Kwalta

Har yau ba na iya zama inda ake yanka ƙarfe da zarto. Kwanan baya mai gyaran famfo ya zo gidana, yana fara gurzar bututu na ji haƙorana sun mutu, na yayimi mayafi na fita ban san inda na nufa ba. Yarana suna ta dariya, wai uwarsu tana tsoron ƙara. Ku zauna in gaya muku inda abin ya samo asali, in ya so ku ma ku yi dariyar in kun ga dama.

Babana ɗan masunta ne daga can kudu, bakin kogin Kwara, inda yaro kan iya tuƙa jirgi tun bai iya ɗaura wando ba. Neman abinci ya kai shi Arlit, ya zama direban kamfanin haƙar ƙarfen uraniyom. A can aka haife ni, garin da ba kogi ba tafki, ruwa sai na famfo, tudu kuwa sai na ƙasar da aka tono daga rami aka tara bayan gari. Duk da haka mutumin nan da sandunan fatsarsa ya zo, na gora, dogaye, waɗanda ya gada wurin kakanmu. Inna takan ce da ya manta da su gida da ya fi mata, don ita ke shan wahalar kare su daga gara.

Da kasuwar ƙarfen ta faɗi, kamfani ya sallami mutane rututu, har da Baba. Muka bar gidan siminti mai lantarki muka koma unguwar laka da langa-langa. Da abin da aka ba shi ya sayi tsohuwar akori-kura, wadda mu can muke kira bashe, ya gina mata ɗan ɗaki a baya da katako da kwanon rufi. A ciki akwai tabarma, da murhun gawayi, da jarkar ruwa, da ƙusa inda yake rataya rigar sallah. Yana ɗauko albasa da tumatir daga Agadas, inda dare ya yi masa ya kwana. Ɗakin na warin albasa da man mota, ni kuwa ban ga ɗakin da ya kai shi daɗi ba a duniya.

Maƙwabcinmu, wanda muke ce wa Kawu, Buzu ne. Fari ya cinye masa raƙuma a wajen Gugaram, ya shigo gari da matarsa da 'yarsa ɗaya, ya koyi walda a kamfani, aka kuma sallame su rana guda da Baba. Dogo ne siriri, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu saboda rawani, amma idanun nan kullum dariya suke yi. Shi ya gaji da ganin sanduna suna yawo a soron ɗakinmu, ya samo wani dogon tiyo na ƙarfe a kasuwar tsofaffin kaya, ya toshe gindinsa, ya yi masa murfi mai murɗawa, ya ɗaure shi a saman ɗakin motar bakinsa na duban gaba. Ragowar fenti kore ya samu, ya shafa masa.

"Sarkin ruwa," in ji shi, "ga gidan sandunanka. Ko iska ba ya shiga."

Sarkin ruwa duk unguwa ke kiran Baba, don tsiya. Da sanyi ya shigo yakan fito da sandunan, ya shafa musu man gyaɗa ɗaya bayan ɗaya don kada zafi ya tsaga su, sannan ya tsaya tsakar gida ya wurga zare cikin rairayi, ya yi shiru yana jira kamar da gaske. Kawu na gefe yana fifita gawayin shayi, yakan tambaye shi ko yau ƙadangare ya kama. Shi Kawu bai taɓa ganin kogi ba. Ruwan da ya sani na rijiya ne, sai na ƙorama mai wucewa yini guda ta bar yashi. Bai yarda akwai ruwan da ake kwana a tashi yana nan yana tafiya ba. Baba ya rantse sai ya kai shi ya gani da idonsa.

Ana nan tawayen Buzaye ya tashi a duwatsu. Gari ya canza. Motoci suka daina fita sai a ayari, aka kafa shingaye a hanya, masu rawani suka koma tafiya a raɓe jikin katanga. Kana jin an zo an tafi da wane, ba mai tambayar ina. Kawu ya daina zama ƙofar gida, ya mai da shayinsa ciki.

A wannan hali ne, da hutun lakwal, wato makaranta, ya zo, Baba ya ce za mu gida ganin dangi, kuma da Kawu za a tafi. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba yawon kallon kogi ake zuwa ba.

"Alkawali kaya na," in ji Baba. "In ban kai shi bana ba, yaushe?"

Shi ma Kawun ya matsu ya bar garin ko na wata guda, ya sha iska inda ba mai kallon rawaninsa. Inna ta ce ita ba za ta ba. Ni na yi ta kuka har aka ce in shirya.

Ana gobe tafiya Baba ya yi abin da kowane ɗan masunta zai yi. Ya ce hanya da nisa, zafi da ƙura za su shiga su lalata gora. Ya narka kwalta a gwangwani, ya bi bakin murfin tiyon ya liƙe shi tsaf, har cikin zaren murɗawa, yadda ake liƙe tsagar jirgi kafin a tura shi ruwa. Ya ja da baya yana yaba aikinsa.

Da hantsi muka isa wani shinge bayan mun wuce Imuraren. Masu kaki suna duba motoci a gajiye, har ɗayansu ya ɗaga kai ya ga tiyon: dogo, kore, bakinsa na duban gaba kamar igwa, ga mai rawani zaune kusa da direba. Ya daka tsawa. Kafin in ƙifta ido an zagaye mu, an fiddo Baba da Kawu an kwantar da su rubda ciki a ƙasa mai zafi. Ni aka bar ni a ƙofar ɗakin baya rungume da jarka.

Baba yana ta faɗin sandunan kamun kifi ne. Babbansu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kifi? A Arlit? To tashi ka buɗe."

Baba ya hau ya kama murfi. Ya murɗa, ya murɗa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, tafin hannunsa ya saɓule. Kwalta ta riƙe gam. Duk sanda ya gaza, fuskokinsu sai su ƙara haɗewa. Kawu ya ɗago kai ya ce shi ya haɗa tiyon, in an ba shi wuta ya ɗan gasa bakin zai buɗe yanzu.

"Kai ka haɗa shi?" in ji babban.

Ita ce maganar da ta kashe shi. Suka ɗaure masa hannu da rawaninsa, ranar na fara ganin bakin Kawu, da furfurar gemunsa. Aka jefa shi bayan wata mota da za ta Agadas, wai a can za a yi masa tambayoyi. Motar ta tashi tun ba a nemo zarto ba.

Sai da rana ta take aka samo zarton. Wani saurayi a cikinsu ya hau ya yi ta gurza, sauran sun ja nesa sun laɓe bayan buhunan yashi, mu kuwa an bar mu gindin motar. Da ƙarfen ya rabe, sanduna suka zubo, zarto ya raba su biyu, suna ƙamshin man gyaɗa. Suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ya ɗauki guntu yana kwaikwayon jan kifi.

Baba ya durƙusa ya ce tunda an gani, a kira a dawo masa da abokinsa. Babban ya dafa kafaɗarsa, ba da mugunta ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Baba, kai namu ne. Ɗauki 'yarka ka tafi. Wancan ba ruwanka da shi."

Ba mu je kogi ba. Mun yi kwanaki a Agadas, Baba yana bin ofis ofis, ko'ina a ce ba a kawo mai irin wannan suna ba. Da abinci ya ƙare muka juya Arlit. Bai shiga gidanmu ba sai da ya fara tsayawa ƙofar matar Kawu. Ban ji abin da ya faɗa mata ba. Na dai ga ta dubi kujerar gaban motar, ta sake duba, sannan ta sauke labule. Ba ta yi takaba ba, don ba wanda ya kawo mata gawa, ba ta kuma sake aure ba har ta rasu. Baba ya sayar da motar kafin shekara ta zagayo, ya koma gadi, ya zama mutum marar magana.

Yanzu Arlit ta sake yin shiru. An rufe wani ramin, gidajen ma'aikata sun zama kufai, kwaltar hanya ta farfashe ta koma rairayi. Nakan je duk da haka, don 'yar Kawu tana can da iyalinta, kuma ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba. Shingaye na nan, yaran da ke tsaron su ma ba a haife su ba a wancan lokacin. Sukan leƙo ta taga, su dubi fuskata, su ji Hausata, su ce, "Hajiya, wuce abinki." Sannan su juya ga mai rawanin da ke kusa da ni su ce ya sauko. Ni kuma in ce na gode, don haka ake cewa, in kama bakina har mu shiga gari.