Layin da Na Gani Daga Kan Turmi

Rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara. Shekarun maigidana da rasuwa sun yi yawa, amma har yau in zan yi zancensa sai na tsaya na share ido.

A zamanin Turawa, da En'e ta ce kowane gari ya fitar da wakilinsa a majalisar gunduma, mutanen Kafinsoli shi suka zaɓa. Ba takarda ake jefawa ba. Mai nema zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa. Ranar zama yakan hau jaki ya tafi Kankia, ya dawo da yamma da ƙullin goro.

Aikinsa na farko burtali ne, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa ruwa. Manoma sun cinye ta da noma, har da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shuka gyaɗa a ciki. Malam ya sa aka mayar da shinge inda yake tun kakanni, kuma daga gonar ƙanen aka fara. Gaisuwarsu ta koma a tsaitsaye.

Da zaɓe ya zagayo, da safe yana naɗa rawani ya ce mini, “Ni ba zan waiwaya ba, kada wani ya ji kunyata. Ke ki leƙa mini mutum ɗaya.”

Na ce, “To, Malam. In na faɗo na karye, kai za ka yi daka.”

Mu mata ba mu shiga layi. Na kifa turmi a jikin katanga na hau. Layinsa gajere ne, tsofaffi da makiyaya. Ƙanen nasa kuwa na can layin abokin takarar Malam, ya sunkuyar da kai.

Malam ya faɗi zaɓe. Ya shigo, ya sha ruwa, ya jingina da rumbu, sannan ya ce, “Ya tsaya?”

Na ce, “Ya tsaya, can ƙarshe.”

Ya ce, “To, ba komai ke nan.”

Washegari ya ɗauki fartanya ya je ya taya ƙanen nasa noma. Bai ƙara tambayar kowa ba, ba wanda kuma ya gaya masa. Da ajali ya zo, ƙanen nan ne ya yi masa wanka, yana kuka kamar yaro.

Ƙaryar da na taɓa yi masa ke nan. Ina neman gafarar Allah a kanta kullum, amma da za a mayar da ni kan turmin nan, abin da zan faɗa ke nan.