Baƙin Zaren da Kakana Yake Gani

Har gobe ba na son ƙamshin ganyen sabara in ana dafa shi. Da ya bugi hancina sai in ga zaurenmu na Tudun Wada, da kakana zaune a kan buzu ya ɗaga kai sama, ana ɗiga masa wani abu a ido.

Maɗinki ne, irin masu yi wa babbar riga aiki da hannu. Sai yanar ido ta rufe masa gani har ya ajiye allura. Baba ya ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa wani asibiti a Kano, aka yi masa aiki a ido ɗaya, don ɗayan an ce ya riga ya tafi. Ya dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ashe haka amaryar tawa take da muni? A mayar mini da yanata." Ina 'yar ƙarama, na yi ta kuka, shi kuwa me zai yi in ba dariya ba.

Ya koma ɗinki, ni ce mai zura masa zare. Sai dai idon ya bushe, ga zafin bazara, kullum cewa yake kamar an watsa masa yashi. Sannan ga wasu baƙaƙen zarurruka da yake gani suna yawo a gabansa. Sai ya shimfiɗa farin yadi ya dinga tsintar abin da babu. Ya ce, "Amarya, cire mini baƙin zaren nan." In duba, yadi fari tas. In ce na cire. Sai ya ci gaba da tsinta, don yana nan yana ganinsa.

To, ka san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma kowa likita ne. Wannan ta dafo sabara a wanke ido, wancan ya haɗo zuma da ruwan albasa, wata mai jego ta tatso nono a ludayi. Kuma mai magani ba ajiyewa yake ya tafi ba, zama yake sai an sa a gabansa. A asibiti an ja wa Baba kunne kada a sa komai. Ya faɗa wa kakana sau ɗaya, kansa a ƙasa. Kakana ya ce, "Mutum ya tako rana saboda ni, in ce masa ba na so? Da wane baki?" Baba bai sake tayar da maganar ba. Ni dai ana miƙo mini ƙwarya in riƙe, ina kallon hawaye yana bin gemunsa, ba abin da zan iya.

Da damina ta faɗi, amininsa da suka koyi ɗinki tare ya tako daga Gyallesu da garin wata saiwa a ƙulle a tsumma, ya ce shi ke korar baƙin zare. Da hannunsa ya barbaɗa masa. Washegari idon ya kumbura ya rufe, yana ruwa. Aka koma Kano, suka ce an makara.

Kakana ya hana kowa ya gaya wa tsohon. Da ya dawo dubiya ya tambayi yadda magani ya yi, kakana ya ce, "Alhamdulillahi, ana samun sauƙi." Tsohon ya ji daɗi, ya kwance wani ƙullin. Wallahi ina tsaye kakana ya sake ɗaga masa kai.

Bara ni ma aka cire mini yana a nan Zariya, da safe aka yi, da la'asar ina gida. Na fara ganin zarurrukan nan, na koma asibiti a guje. Likitan, yaro sa'an jikana, ya haska idon da kyau, ya ba ni ɗan maganin ɗigawa na bushewa. Na ce, to baƙin zaren fa? Ya ce, "Naki ba ya cutarwa, Hajiya. Ki ƙyale shi kawai, za ki saba."

Na fito na zauna a benci, na kasa tashi. 'Yata tana ta tambayata ko idon ne yake ciwo.