Ramukan Niƙa a Bayan Gonarmu

Gonarmu tana hanyar Gubi. A bayanta akwai wani falalen dutse, a samansa kuma ramuka masu santsi, kamar an danna akushi a cikinsa tun yana ɗanye. Ba wanda ya san wanda ya yi su. Da damina ruwa yakan taru a ciki, 'yan kwaɗi su yi ta yawo.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana da wata al'ada. Duk shekara idan gero ya nuna, ba ta sa sabon hatsi a baki sai ta je dutsen nan. Takan zage ƙwayar gude-gude, ciyawar nan mai kai kamar ƙafar tsuntsu, ta niƙa cikin tafi ɗaya a ɗaya daga cikin ramukan, ta bar garin a wurin. Ta ce haka ta ga kakarta tana yi. Waɗanda suka fara zama a wurin ba su san shuka ba, abin da daji ya ba su suke ci, mu masu fartanya baƙi ne. Baba yakan ce camfi ne kawai. Ita kuma ta ce ba roƙon kowa take yi ba, sallama ce, ko shi da karatunsa ai ba ya faɗa gidan mutane babu sallama.

Shekarar da na shiga sakandare, malamarmu ta koya mana yadda mutanen farko suka rayu da farauta da tsintar 'ya'yan itace kafin su gano noma. Hoton littafin duk maza ne, kowa riƙe da mashi, ba yarinya ko ɗaya. Na so in ɗaga hannu in ba da labarin ramukan, amma ni ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale.

A daminar nan ciwon ƙafa ya kwantar da Kaka a ɗakinta a gidanmu na unguwar Gwallaga. Baba ya kawo sabon gero, aka gasa tumu, Umma ta dama kunu, gida ya cika da ƙamshi. Kaka ta juya fuska bango. Shinkafa ba ta zauna mata a ciki, tsohon geronmu kuma ya ƙare, na kasuwa ta ce ba ta san ko sabo ba ne. Sai ruwan shayi take kurɓa. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ana cikin haka Baba ya zo da labarin cewa masu fasa dutse sun sauka a bayan gona, sun riga sun ci gefe guda.

Da na kai mata ruwan alwala sai ta riƙe min zane.

"Ƙawata, ke da ba ki da baki, ai kina da hannu ko?"

Na ce ina da shi. Ta ba ni ƙaramar ƙwarya, ta ce in je dutsen a madadinta, ɗan dutsen niƙan yana ƙarƙashin tushen kalgo, kada in tsaya surutu da kowa. Sai ta yi dariya, ta ce wannan gargaɗin ma ɓata baki ne.

Ranar Asabar da hantsi na bi Baba a bayan babur. Ya ga ƙwaryar, ya ja babur muka tafi. Da ya shiga cikin gero sai na zagaya baya. Masu fasa dutse sun tara tsofaffin tayoyi sun cinna musu wuta don dutsen ya tsage, baƙin hayaƙi ya kwanta a kan ciyawa. Wani mai tsumma a hanci ya tambaye ni ko ɗan kunne na yar. Na girgiza kai. Ya ce in yi sauri, gobe wutar nan za ta matso.

Manyan ramukan duk toka ta cika su. Can bakin dutsen na sami wani ƙarami mai tsabta, wanda ban taɓa lura da shi ba. Na zage gude-gude har tafina ya yi zafi, na ɗauko ɗan dutsen, na durƙusa.

Gwiwoyina suka faɗa cikin wasu 'yan lotsawa biyu. Ban neme su ba, su suka karɓe ni. Tazararsu daidai da tawa, ba ta babbar mace ba. Ɗan dutsen ma akwai wurin babban yatsa a jikinsa, yatsana ya zauna cif. Dutsen da ɗumi, kamar wata ta tashi yanzun nan. Na ce wa kaina wutar tayoyi ce.

Na fara niƙa. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, sai tsalle take yi, garin da ke fita ko cokali bai cika ba. Na yi tunanin yinin da za a yi a durƙushe kafin a sami abin da zai kashe yunwar mutum ɗaya. Gudumomin fasa dutse suka yi shiru, masu aikin sun tafi inuwa. A lokacin na ji ƙarar niƙa tana dawo min daga duwatsun gaba. Na san amsa-kuwwa, mun yi ta a aji. Na tsayar da hannuna. Can ƙarar ta ci gaba kaɗan, a hankali, irin ta wadda hannunta ya gaji, sannan ta tsaya.

Ban waiga ba. Na yi sallama a hankali, na bar garin, na koma wurin Baba ina tafiya kamar ba komai.

A gida Kaka ta kama tafina ta sansana. Ta tambayi wane rami, na kwatanta mata.

"Ni tun ina yarinya ban san da rami a wannan bakin ba," in ji ta. Sai ta ɗaga murya: "A kawo min kunun nan kafin ya huce."

Ta shanye kofi guda, ta nemi ƙari. Umma ta fita tana hamdala. Ni na tsaya ina kallon maƙogwaronta yana motsi, na tambaye ta baɗi fa, tunda dutsen ba zai kai ba. Ta goge baki ta ce bana dai mun gaisa.

Bayan girbi na sake bin Baba. Babu falale, sai rami da tulin tsakuwa, tifa tana lodi. Baba ya ce cikin gari ake kai ta, ana zuba harsashin gidaje. A hanyar makaranta akwai wani sabon gini da aka juye tsakuwa a ƙofarsa. Idan na zo wurin nakan rage sauri, in duba ko akwai mai gefe ɗaya mai santsi.