Hujin da Ke Salansar Mika

Duk wanda ya zauna tsakanin Gozaki da Ƙarfi ya san Malam Mika, in ma bai san fuskarsa ba ya san kukan babur ɗinsa. Sana'arsa gyaran famfon feshi, irin wanda manoma ke goyawa a baya, da ɗaurin garmar shanu in ta kwance. Ba shi da shago. Wani akwatin katako ne shagon, yana ɗaure a bayan wata tsohuwar Suzuki, da ita yake bin ƙauyuka tun daga ruwan shuka har a karye masara.

Mahaifinsa mai wa'azi ne a cocin Gozaki, ya kuma so ƙwarai Mika ya gaje shi. Shi kuwa Mika, tsayar da shi gaban jama'a sai harshensa ya ɗaure, amma miƙa masa sukudireba ka sha kallo. Da tsohon ya gaji sai ya sallama, ya ce ya je ya yi wa Allah hidima da hannu. Haka ya yi, har furfura ta cim masa a kan hanya.

Ita Suzukin shekarar da ya auri Rahab ya saye ta, kuma tun a lokacin ba yarinya ba ce. Wata rana ya faɗi da ita a kan kututture, salansa ta huje. Ya yi ta cewa gobe zai kai a liƙe, goben ba ta zo ba. Tun daga nan kukanta ya zama nata ita kaɗai, kamar tsoho mai tari yana ƙoƙarin dariya. Jama'a suka samu abin tsokana. Mata na jin ta daga nesa sai su ce, “Ga mai tari nan tafe, a fito da famfo.” Mika bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake ta hutar da shi yin sallama.

Sai zamani ya juya. ’Yan bindiga suka fara fitowa daga daji a kan babura, kukan babur ya zama abin tsoro a ƙananan ƙauyuka. Duk inda aka ji ƙugin mashin da ba a san shi ba, ba a tsayawa tambaya, sai a ɗauki yara a faɗa cikin masara. Amma ba wanda ya taɓa gudun mai tari. Mika bai ma lura da haka ba, don mutum ba ya lura da abin da bai taɓa rasawa ba.

A wata damina, cikin watan Agusta, ya taso daga Ƙarfi bayan an sheƙa ruwa, ya tarar rafi ya kawo. Aka ce masa ya dakata. Ya ce shi da Suzuki sun haye wanda ya fi wannan. Ba su haye ba. Shi dai aka jawo shi da ƙyar, ya sha ruwa ya ƙoshi, ita kuwa ta bi rafi. Sai bayan ruwa ya janye masu ɗibar yashi suka tono ta, tanki ya lotse, ƙafar gaba ta lanƙwashe, inji cike da laka. A amalanken shanu aka kawo ta gida, maƙwabta suka taru suna yi masa jaje rabi da gaske rabi da dariya.

Ya kai ta Funtua wurin Tajudeen, bakaniken da ke duba ta tun yana yaron shago. Tajudeen Bayarabe ne haifaffen garin, Hausarsa ta fi ta Mika kaifi. Ya zagaya gawar, ya taɓa nan ya taɓa can, ya yi tsaki.

“Baba Mika, tsakani da Allah, wannan ta ’yan gwangwan ce. Kayanta ma sai an tona Kano kafin a samu. Ga wani nan na hannu, mai shi bai wahalar da shi ba. Ka hau shi sati guda, in bai yi maka ba ka maido mini.”

Rahab ta goyi bayan Tajudeen ɗari bisa ɗari. Ta gaji da wankin rigunan da hayaƙi ya ɓata, ta gaji da tura babur da sassafe. “Baban Roda,” in ji ta, “ruwa ya yi maka abin da na kasa. Ka gode wa Allah ka rabu da ita.”

Gaskiya kuwa babur ɗin na hannu ba shi da laifi. Bugu ɗaya yake tashi, ga laushi, ga ƙugi mai daɗi irin na baburan yanzu. Mika ya hau ya ji kamar an rage masa shekaru. Har ya fara jin kunyar yadda ya yi ta kare tsohuwar a gaban mutane.

Ran nan da hantsi ya nufi Unguwar Buba, wani ɗan ƙauye da ke can cikin gonaki, inda famfuna ke jiransa tun kafin haɗarin. Masara ta yi tsayi ta rufe hanya, ba ka ganin na gaba sai kun yi kiciɓis. Yana fitowa fili ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ba kowa. Turmi ga shi da taɓarya a yashe, kaji sun hau suna ci. Tukunya na tafasa a kan murhu. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar hanya.

Mutum ɗaya ya rage. Malam Buba, mai unguwar, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa tun shekarun baya, yana zaune a gindin ɗorawa inda ake ajiye shi kullum. Ya runtse ido, ya ɗora hannuwa a gwiwa, bakinsa na ta maimaita kalmar shahada. Mika ya kashe mashin ya durƙusa gabansa.

“Baba, ni ne. Mika ne.”

Tsohon ya daɗe kafin ya buɗe ido. Ya dube shi, ya dubi babur ɗin, ya sake dubansa.

“Yo kai ne? Ina mai tari?”

“Ruwa ya ci ta, Baba.”

“To. ’Yata Najiba ta so ta goya ni, ga ta da tsohon ciki. Na ce ta bar ni ta tsira da abin da ke jikinta.” Ya ƙara da cewa, “Ka ɗaga murya ka kira su. Ni tawa ba ta kaiwa.”

Mika ya shiga bakin masara yana kira, shi da bai iya ɗaga murya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka fito, jiki duk ƙaiƙayi, yara na kuka. Najiba, ’yar tsohon, ita ce ta ƙarshe, tana dafe da mara. Ba wanda ya zage shi, har ruwa suka kawo masa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya gyara famfunan. Da zai tafi bai tayar da babur ɗin ba, tura shi ya yi har ya yi nisa da garin.

Washegari ya mayar wa Tajudeen kayansa. Ya gaya masa abin da ya faru, ya gaya wa Rahab. Rahab ta shiga ɗaki. Da ta fito sai ta ce, “Ka ce wa Taju ya gyara tsohuwar da sauri, damina ba ta jiran kowa.”

Tajudeen ya zage ya yi aikin da zai yi alfahari da shi. Ya tono fistin a Kano, ya samo kafireta wurin wani tsohon bakanike a Danja, ya buge tanki, ya miƙe ƙafa. Ranar da Mika ya zo ɗauka, ya tarar da ita tana sheƙi. Tajudeen ya buga kik yana murmushi, ta tashi lafiya lau, sumul, ba tari ko ɗaya.

“Har salansar na yi maka walda, Baba. Kyauta.”

Mika ya saurara, ransa ya ɓaci. “Taju, kashe ta. Ɗauko ƙusa da guduma.”

“Haba Baba! Aikin da na kwana biyu ina yi?”

“Aikinka ya yi kyau, ɗana. Shi ne matsalar.”

Tajudeen ya riƙe kai, sannan ya tuna labarin Unguwar Buba, ya je ya ɗauko. Abin dariya, huda salansa yadda kututture ya huda ta ba ƙaramin aiki ba ne. Su huda, su tayar, Mika ya karkata kunne ya ce a'a, wannan atishawa ce, a ƙara buɗawa ta ƙasa. Masu shagunan kusa suka taru suna ba da shawara, don duk sun san kukan. Sai can wani mai faci ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya! Ita ce.”

Da safe ya kama hanyar Unguwar Buba. Tun daga cikin masara yake tafe a hankali, yana murɗa mai don a ji shi da kyau. Ya fito fili. Mata na daka, ba wadda ta ɗago kai. Yara na wasansu a tsakar hanya, sai da ya kauce musu. Najiba na zaune a ƙofar gida da jariri a cinya, ta ce, “Sannu da zuwa, Baba Mika,” ta ci gaba da abin da take yi.

Malam Buba na gindin ɗorawa yana gyangyaɗi. Ya buɗe ido ɗaya.

“Kai Mika, kashe wannan tsiyar, ka hana mutane barci.”

Mika ya kashe. Ya juya baya yana kwance igiyar akwati, ya daɗe yana kwancewa, don kada a ga idonsa.