Tabarmar Rahmatu a Bakin Firamare

Rahmatu matar Kalilu mai faci ba ta taɓa riƙe alli ba, amma 'yan matan ƙauyenmu da suka gama firamare kwanan nan, ita ta tsaya musu. Muna kan hanyar Baure ne, kuma da damina uwa gona take wucewa, ta bar wa babbar 'ya goyon ƙani. Haka yaran ke shiga aji da jariri a baya, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Sai ga sabon tsari daga sama, wai kada a sake ganin goyo a aji, yana hana karatu. Masu zama ƙarƙashin fanka da suka yanke haka ba su faɗi inda za a ajiye jariran ba. A aljihu ke nan? Bencin mata ya zama wayam. Har da jikar Rahmatu, Ummukulsum, 'yar aji shida, ga jarrabawa ta ƙarato.

Rahmatu ta ɗauki tabarma da kwanon kunu ta shimfiɗa a gindin dalbejiyar makaranta. Ta aika gida-gida cewa duk mai goyo ta sauke mata shi ta shiga aji. Ni ma nakan je in taya ta, ba don kukan 'ya'yan mutane yana yi mini daɗi ba. 'Yan matan suka dawo aji.

Ana nan wani jami'in ilimi ya zo daga Daura, ya tarar da jarirai a jere kamar kabewa. Ya ce makaranta ba gidan raino ba ce, kuma saboda tsaro an hana wanda ba ma'aikaci ba zama a ciki. Hedimasta Malam Sabiru yaron kirki ne, sai dai da ya ga motar gwamnati ba ya iya musu. Ya zo yana murza hannu, wai Inna a yi haƙuri a tashi.

Ba ta ko dube shi ba. Jami'in ta tambaya ina makarantar ta ƙare. Ba katanga, sai jerin duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa, ya nuna mata su. Ta ce in kama gefe ɗaya, muka ja tabarmar da jariran a kai muka tsallake duwatsun, cikin gonar Sharu, maƙwabcin makarantar, daidai tagar aji shida.

"Ɗan nan," ta ce, "nan gonar gero ce. Je ka kawo dokar gero."

Jami'in ya juya ya shiga motarsa.

Wurin ba inuwa. Rana ta gasa ta, ruwa ya dake ta, har Kalilu ya ji kunya ya kafa mata rumfar kara. Ummukulsum ta zauna jarrabawa, yanzu tana ƙaramar sakandare a Baure. Dokar goyo tana nan ba a janye ba, Rahmatu ma tana nan, da ciwon bayanta, tana zagin duk uwar da ta aiko jariri ba kunu.