Keken Yaya a Gindin Mangwaro

A gidan hayar da muka taso a Bosso, duk wanda ya ga yadda Yayana yake ɗaure kekensa sai ya yi dariya, kuma ni ce shugabar masu dariyar. Gida ne mai katanga da ƙyauren ƙarfe, amma ko ruwa ya shigo sha da tsakar rana sai ya ɗauko wata ƙatuwar sarƙa, irin ta ɗaure janareta, ya zura ta a ƙafar gaba, ya ratsa jikin keken, ya fito da ita ta ƙafar baya, sannan ya zagaye gindin mangwaron tsakar gida ya danna kwaɗo. Nakan ce masa ko san layya ba ya shan irin wannan ɗaurin. Shi kuwa sai ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Da gaskiyarsa, don an taɓa ɗauke keken marigayi Babanmu a zaure, yana ciki yana alwala.

Kwaɗon da mabuɗi biyu ya zo. Yaya ya jefa ɗaya a rijiya a gaban idonmu, wai don kada wani ya wahalar da bakinsa wajen neman aro. Ɗayan ya rataya a wuya da zare.

Sarin doya yake yi. Wata safiya ya ɗaure keken, ya ce a ajiye masa tuwo, ya shiga mota zuwa wata kasuwar ƙauye. Lokacin hanyoyin nan sun lalace da masu tare mutane. Ba wanda ya kira mu, ba a nemi komai a hannunmu ba, ba a kuma kawo gawa ba. Mazan unguwa suka yi ta cigiya har suka gaji.

Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi zaman makoki. A ganinta, mutumin da ya kulle abinsa ya tafi da mabuɗi yana da niyyar dawowa, shi ke nan. Takan aika a karɓo baƙin mai wajen bakanike ta ɗiga a kwaɗon don kada ya yi tsatsa. In hadari ya taso, kafin ta kwashe shanya sai ta lulluɓe keken da buhu. Tayoyi suka sace, suka tsattsage. Mangwaro ya ci gaba da ƙiba har ɓawonsa ya fara haɗiye sarƙar.

Ni kam na tsani keken nan. In iska ta kaɗa bishiyar, sarƙar takan yi ƙara daidai yadda take yi a hannun Yaya, sai in waiga ƙofa da tsintsiya a hannu. Har fata na riƙa yi ɓarawo ya shigo ya raba mu da shi mu huta, amma ɗaurin ya fi ƙarfin kowane ɓarawo.

Ana nan mai gidan ya sayar da gidan ga wani mai son gina ɗakunan hayar ɗalibai. Muka sami wuri a Maikunkele. Ranar kwasar kaya na kira mai walda ya yanke sarƙar, a jefa keken a mota mu tafi da shi. Ina ganin na kyauta wa Inna. Mutumin ya tsuguna ke nan ta fito daga ɗaki, ta tsaya tsakaninsa da bishiyar.

"Kada a taɓa," in ji ta. "In ya dawo bai same mu ba, ya ga kekensa, ya san bai ɓata gida ba."

Na yi faɗa, na ce magina za su sare bishiyar, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uwa. Maƙwabciyarmu Bagwariya, wadda ita da Inna suka yi shekara da shekaru suna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, ta riƙo hannun Inna ta ce da gurguwar Hausarta, "Mama, ka tafi. Ni zai duba maka shi."

Haka muka bar shi a ɗaure.

Bayan wasu watanni na bi ta layin. Babu bishiya, babu keke, sai bene mai sabon fenti da wandunan ɗalibai a shanye. Maƙwabciyar ta hango ni, ta sunkuyar da kai ta shige gida. Duk hanyar komawa ina ta shirya abin da zan ce in Inna ta tambaye ni.

Har yau ba ta tambaya ba. Sai dai duk ranar da za mu shiga gari, tun kafin mu kai kwanar tsohon layinmu takan ja gyale ta rufe fuskarta, ba ta buɗewa sai mun wuce Bosso gaba ɗaya.