Onni Rautio da Bareyin Farin Wata

Idan lokacin farauta ya kama, Onni Rautio ba ya karyawa a zaune. Yakan tsaya a bakin tagar kicin da kofin gahawa a hannu, takalmin shiga dusar ƙanƙara a ƙafa, waya kuma tana kusa. Matarsa Verna takan yanka masa burodinsu mai zaƙi da ake kira nisu ta ajiye, sau da yawa a nan burodin yake bushewa, domin wayar ba ta barin gari ya gama wayewa. Mai kiran maharbi ne: ya harbi barewa jiya da magariba, ba ta faɗi ba, ta shige daji da rauni. Onni yakan tambaye shi inda harsashi ya same ta, da launin jinin, da kuma ko ya bi ta. Sai ya ɗauki doguwar igiya, ya buɗe wa karyarsa Pilkku ƙofar a-kori-kura, su kama hanya.

Haka ya yi sama da shekara talatin, ba albashi, ba muƙami. Bana ya ce ya gaji. Pilkku ma ta tsufa, ba ta iya hawa mota sai an ɗaga ta. A duk wannan yanki namu na arewacin Michigan babu wani mai bin sawun barewar da aka jikkata sai shi, har yanzu kuma ba a sami wanda zai karɓi igiyar ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, bayan na daɗe ina jinkiri don gudun faɗin abin da ban tabbatar ba. Ba zan kawo komai ba sai abin da na gani, ko wanda mai shi ya yarje mini in faɗa.

Kowa a nan ya san gardamar wata. Tun daga watan Oktoba take tashi a gidan shan gahawa, ba ta mutuwa sai an rataye bindigogi. Wasu sun ce idan wata ya cika bareyi sukan kwana suna kiwo, da asuba su kwanta, sai tsakar rana su sake motsi. Wasu sun ce a duhun wata ake dacewa. A makarantar da na yi difloma kan kula da gandun daji an nuna mana binciken da aka yi da bareyi masu na'ura a wuya, abin da na fahimta kuwa shi ne tasirin wata kaɗan ne idan aka kwatanta da na sanyi, da lokacin barbara, da yawan mutane a daji. Wata rana na faɗa wa Onni haka, ina ɗari-ɗari kada ransa ya ɓaci. Ko kaɗan bai yi musu ba.

"Watakila malamanku suna da gaskiya," in ji shi. "Ni ban san abin da wata yake yi wa barewa ba, ban taɓa tambayarta ba. Abin da yake yi wa maza dai, wannan na sani."

Ga abin da yake nufi. Maharbin da ya yarda cewa a farin wata sai tsakar rana barewa take fitowa ba ya sauka daga maɓoyarsa ta kan bishiya ya je ya ci abinci. Yakan wuni a sama, sanyi na cinsa, har hannu ya fara rawa. Idan barewa ta ɓullo da magariba sai ya harba a gajiye, harsashi ya sauka a ciki maimakon bayan kafaɗa. Barewar da aka harba a ciki ba ta nisa. Takan nemi wuri ta kwanta, idan aka ƙyale ta a nan za a same ta da safe. A duhun wata dole mutum ya haƙura ya koma gida. Amma idan wata ya haska dusar ƙanƙara, daji ya yi fari fat, sai ya ga kamar babu dalilin jira. Ya bi ta, ya tashe ta daga kwance, ta nausa cikin fadama.

Gordy LaCasse, direban motar katako, ya ba ni izinin kawo labarinsa. Bara, a makon da wata ya cika, ya harbi barewa ta tsere da rauni, ya kira Onni ana tsakar cin abincin yamma. Da Onni ya ji cewa jinin baƙi-baƙi ne kuma yana wari, sai ya ce masa ya je gida ya hura ɗakin wankan tururi, ya kwanta, su haɗu da safe.

"Haba Kawu, ka leƙa waje kuwa?" in ji Gordy. "Wata kamar rana! Ko allura ta faɗi zan tsince ta."

"To je ka tsinci allura, ka bar mini barewa."

Gordy bai ji ba. Ya tara surukansa suka shiga. Washegari ina cikin waɗanda suka je taimako, na kuma ga yadda Onni ya tsaya yana duban wurin, an tattake sawun kaf, takalma sun ɗebi jini sun watsa ta ko'ina.

"Gordy, barewa kuka bi ko rawa kuka taka?"

"Kaɗan muka shiga, Kawu."

"Kaɗan? Ga sawun surukinka mai ƙafa kamar kwalekwale har gindin wancan dutse."

Sai Onni ya kama aiki. Ya zagaya da Pilkku a hankali har ta rabe warin barewar daga na mutane, igiya ta miƙe, muka bi. Muka riƙa tarar da makwanci bayan makwanci, kowanne da jininsa a daskare, kowanne wuri ne da dabbar ta so ta huta aka tashe ta.  Sai bayan rana ta karkata muka same ta can tsakiyar fadama, ba ta daɗe da mutuwa ba, kyarketai ba su kai gare ta ba tukuna.

A nan ne ƙanƙara ta fashe a ƙarƙashin ƙafar Onni, gwiwarsa ta murɗe. Da muka ciro shi fuskarsa ta yi fari, ba ya iya taka ƙasa. Gordy ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, ya ce a bar barewar, a fita da tsoho tukuna.

"Ku fara feɗe ta," in ji Onni. "Ni ba zan ruɓe kafin yamma ba. Ita za ta ruɓe."

Haka aka yi. Yana zaune a kan kututture yana rawar sanyi, yana gyara wa Gordy riƙon wuƙa. Bayan nan aka ɗora shi a kan abin jan nama aka ja shi har bakin hanya, aka koma aka ɗauko barewar. Har yau Gordy yana cewa bai taɓa jan dabba mai nauyi da yawan mita irin wannan ba, ga shi ko ƙaho babu. Iyalinsa sun ci naman har bazara. Gwiwar Onni kuwa ba ta koma daidai ba.

Kawu Onni, kai ne wanda ake kira bayan an yi kuskure, ba ka taɓa fallasa mai kuskuren a bainar jama'a ba. Hotunan da suka cika bangon gidan shan gahawa, na maza riƙe da ƙahoni suna murmushi, da yawansu kai ka nemo dabbar, amma ba ka cikin ko ɗaya. Kana gefe kana cire wa Pilkku ƙaya daga kunne. Kai ne ka hana bareyi masu yawa ruɓewa a banza, ka hana gidaje da dama shiga hunturu da firiza wayam. Mai haƙurin bin ɗigon jini, mun gode. Verna, wadda ta yi shekaru tana shanya jiƙaƙƙiyar safa a bakin murhu tana jiran ƙarar mota, ke ma mun gode.

Sai dai godiya ba za ta nemo barewa ba. Onni yana da 'yar ƙaramar karya, Tuuli, wadda ya horar da ita yana ɗingishi a bayan gida. Wani mai irin wannan aiki daga kudancin jiha ya nemi a ba shi ita, Onni kuma ya yi masa alkawari: idan dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ba a sami ɗan gari da ya tsaya ya koya ba, ya zo ya ɗauke ta. Ya ce ba zai bar kare mai hanci irin nata ya tsufa a gindin murhu ba. Bana kuma wata zai cika daf da buɗe farautar bindiga.

Kowace Asabar da safe yakan ja kofaton barewa da ɗan jini a dajin bayan coci don ya bar sawun gwaji, ya zauna a mota yana jiran masu koyo. Makon jiya mutum biyu suka zo, ɗaya ya sha gahawa ya tafi. Ɗayan Gordy ne, wanda aikin katako ba ya barinsa gida sai jefi-jefi. Ina roƙon maharbanmu, maza da mata, musamman waɗanda wannan dattijo ya taɓa fitar da su kunya, su duba lamarin. Aikin akwai gajiya, akwai sanyi, babu yabo, ba zan ɓoye muku ba.

Da na ziyarci Onni, zan tafi sai na tambaye shi ko akwai saƙon da yake so in isar. Ya shafa gwiwarsa.

"Ka ce su zo da takalmin da ba ya shan ruwa," in ji shi. "Sauran kuwa, karyar ce za ta koya musu."